Firjin da Aka Yi wa Likkafani a Catford

Ko da zan manta sunan titin da nake zaune, ba zan manta ranar da aka ɗaga ƙofar garejin nan na unguwar Catford a London ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ina tuna ta kamar jiya.

A lokacin ina da ɗan shago inda nake sayar da zoɓo, kunun aya da fura da nono. Jarina gaba ɗaya manyan firji biyu ne masu ƙofar gilashi, da firiza guda. Sai mai ginin ya sayar da wurin, aka ce kowa ya kwashe nasa ya nasa. Na fara neman inda zan biya a ajiye mini su, sai yayan mijina ya ji labari ya ce sam, yana da gareji a banza za a kai wa bare? Mijina ya yi ta murna. Ni kuwa jikina bai ba ni ba, don na san mutumin, irin waɗanda ba a taɓa gaya musu abin da ba su sani ba.

Ranar da aka kai kayan na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce, "Yaya, don Allah a bar su a tsaye, kada a kwantar. Ƙofofin a bar su a ɗan buɗe iska ta riƙa shiga, kuma kada a rufe su da komai."

Ya yi dariya ya ce, "Amarya ke nan! Tun ba a haife ki ba nake ajiyar kaya. Don't worry."

Sanyi ya shigo ya fita, ruwa ya yi ta zuba irin na London da ba ya gajiya. Duk lokacin da na ce zan je in duba, sai mijina ya ɓata rai, wai zai zama kamar ina zargin yayansa. Na ce masa gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Da na matsa na kira Yayan da kaina, cewa ya yi makullin yana mota, motar kuma tana wurin gyara. Haka aka yi ta yi da ni kamar wata yarinya.

Can Allah ya kawo wani shago a Old Kent Road. Mai shi ya ce in buɗe kafin azumi, in ba haka ba akwai mai jira. Ni ma azumin nake hari, don a watan nan ne ake wawar zoɓo da kunu. Na yi booking ɗin motar ɗaukar kaya, muka nufi Catford ni da mijina.

Yaya ya ɗaga ƙofar garejin yana murmushi kamar mai buɗe lefe. Sai ga kayana. Ya naɗe kowanne da farar leda tun daga sama har ƙasa, ya bi da salatif ya ɗaure tamau. Ɗaya firjin ma a kwance yake, wai don motarsa ta samu wuri. Shi a tunaninsa ƙura yake kare musu kamar a gida, ya manta a ƙasar nan danshi ne ke cin kaya.

Da na yage ledar, ruwa ne ya fara tsiyayowa. Na buɗe ƙofa, wani wari ya buge ni har sai da na ja da baya. Ciki ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, robar bakin ƙofa ta ruɓe, bayan kuma tsatsa ta cinye bututun har ya huje. Na kira mai gyara a waya na nuna masa, ya ce ko an tayar da su, council, wato hukumar unguwa, ba za ta bari a sa abin sha a ciki ba.

Ina tsaye, sai na ji Yaya yana cewa, "To ai kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ni dai na yi iya ƙoƙarina." Mijina kuma ya matso ya raɗa mini, "Ki daure ki yi masa godiya." Godiya! Na dubi Yaya ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Ka kashe su, kuma ka yi musu likkafani mai kyau."

An daɗe ana cewa na yi wa babba rashin kunya, har daga gida aka kira ni. Ba wanda ya kira ya tambayi yadda na yi azumin nan ba shago. Shagon kuwa wani ne ya karɓa, yanzu in na wuce a bas ina ganin firjinsa suna haske ta gilashi. Yaya kuwa har gobe yana faɗa a taro cewa shi ya ajiye mini kaya kyauta.

Abin da na koya shi ne, abin da kake ci da shi kada ka ajiye shi inda kunya za ta hana ka zuwa dubawa. Firjin da na saya daga baya a hannun bare na taɓa ajiye shi, kuma ranar da na ga dama nake zuwa in buɗe, ba mai cewa in gode.