Inda Ayu Yake Kiwo

Junju zuwa Gaya

Na bar Junju bayan sallar asuba, a wata motar ɗaukar buhunan gero. Niyyata ita ce in ga ayu da idona, domin a jami'a mun karanta cewa yana nan a kogin Kwara, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya gan shi da rai ba. Jandarma sun tsayar da mu a hanya, suka duba katin shaida, muka wuce ta dajin giginya. Mun shiga Gaya kafin azahar. A tasha na ci shinkafa da kifi, sannan na hau kabu-kabu zuwa wani ƙauyen masunta.

A bakin kogi

Mai masaukina shi ne Baba Saini, dattijo Badende, wato ɗan ƙabilar yankin, masunci, wanda Hausarsa ta kasuwa ce. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya, ya kira ni mushe, yadda suke kiran ɗan boko a can.

"Mushe, ka iya iyo?"

"Ban iya ba, Baba."

"To, ka iya shiru?"

Na ce zan gwada.

Da yamma ya nuna mini gefen wata gonar shinkafa da aka datse wa ganye, ya ce aikin ayu ne. Abin da na karanta ya yi daidai da abin da ya faɗa: ayu ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, ciyawar ruwa da ake kira burgu yake ci, kuma macen tana shayar da ɗanta da nonon da ke ƙarƙashin hannuwanta. Ya ƙara da cewa kakanninsa ba sa fita farautarsa sai da izinin sarkin ruwa. Wannan ban iya tabbatar da shi ba. Na rubuta shi yadda na ji.

Cikin kwale-kwale

Da gari ya fara wayewa muka shiga wata kwana mai yawan burgu. Baba ya ajiye filafilin da yake tuƙi da shi. Mun daɗe zaune, sauro na cizona, ban motsa ba. Can sai ciyawa ta nutse a hankali, kamar ana jan ta daga ƙasa. Hanci ya ɓullo, baƙi-baƙi, ya ja numfashi. Kusa da shi wani ƙaramin hanci ya biyo baya. Wajibi ne in faɗi gaskiya: hanci biyu kawai na gani, ban ga jiki ba.

A hanyar komawa na tambayi sunan wurin da nisansa daga Gaya, domin rahotona ya cika. Baba ya daina tuƙi.

"Wa zai karanta?"

"Duk wanda ya samu, Baba."

"Har masu mashi? Mutane suna zuwa daga ƙetare neman kitsensa. Macen nan kaɗai ta rage mana, da ɗanta. Shinkafata take ci, ban kai ƙara ba. Kai kuma daga zuwa za ka sayar da ita?"

Na ce malamaina sun hore ni kada in kawo labari ba tare da wuri ba.

"Malamanka suna da ayu?"

Komawa gida

Na yi ta juya maganar a mota har muka iso Junju da magariba. Na san sunan kwanar, domin daga bisani Baba ya faɗa mini, ya ce amana ce. Mai karatu da ya ga rahoton nan da giɓi ya yi mini afuwa. Da sanina na bar shi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Baba Saini, wanda shi ma ba sunansa ke nan ba.