Geron Ɗan Maigari

Barau bai taɓa tsallake ƙofar aji ba, amma duk wanda ya san 'yar makarantar bokon da aka buɗe a Gumel a shekarun bayan yaƙin Jamus ya san shi, shi da jakinsa mai yankakken kunne. Shi ne mai kawo geron ɗan maigari.

Mutumin wani ɗan ƙauye ne a bayan Ɗanzomo. Yana yaro Turawa suka zo, bai ga zuwansu ba, ji kawai ya yi an ce sun zo. Yana saurayi aka yi yunwar Kakalaba, wannan kam ya gan ta da idonsa. Ta ɗauke masa uwa da uba da ƙanne, sauran dangi suka yi arewa wajen Damagaram, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Maigari ne ya tsince shi kwance a gindin rumbu, ya sa aka dama masa kunu. Tun daga wannan kunu Barau ya zama baran gidan. Ba bawa ba ne, har maigari yakan faɗi haka da bakinsa, musamman idan zai aike shi inda ba a aiken ɗa. Shi ya yi masa aure da Safara'u, shi ya yanka ragon sunan ɗansu na fari, Ilu. Bayan Ilu an sami wasu, ba wanda ya kai yaye.

Yunwar ta bar Barau da wani irin shiru. Ba ya fushi, ba ya murna, in an ce tashi ya tashi. Ga shi kuma Ilu ɗan fari ne, a ƙauyensu kuwa uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar ko ya ci ko bai ci ba. In zai kira shi sai ya ce “kai”, in zai yi zancensa sai ya ce “yaron nan”. Barau ya riƙe wannan kunya fiye da kowa, don ta zo daidai da halinsa. Baƙo sai ya yini a gidan bai gane wane ne uban wa ba.

Ana nan sai aka zo da maganar makaranta. Bature a Kano ya ce a buɗe, fada ta ce to, ta ɗora wa hakimai, hakimai suka ɗora wa masu gari, kowa ya kawo ɗansa na cikinsa, don Turawa 'ya'yan masu sarauta suke so su koya wa rubutu su gaji iyayensu. Albashin malamai da rigunan yara daga Baitulmali za su fito, wato daga harajin da talaka ya riga ya biya. Abinci kuwa kowane gari ya ciyar da yaronsa. Haka umarnin ya yi ta gangarowa, kowa yana sauke shi a kan na ƙasa da shi, har ya iso ƙauyen su Barau. A ƙasan Barau babu kowa.

Maigari yana da ɗa sa'an Ilu, sunansa Sabo, bai kuwa yi niyyar miƙa shi a mayar masa da shi Nasara ba. Ya kira Barau zaure.

“Yaron nan na wajenka zai je Gumel a madadin Sabo,” in ji shi. “A can sunansa Sabo, kuma ɗana ne. Ba daɗewa zai yi ba. Ka san halinsu, wanda ba ya ganewa koro shi suke yi. Kafin ka ankara ka gan shi a gona.”

Barau ya ce, “To, ranka ya daɗe.”

Safara'u ta yi kuka har muryarta ta dishe. Barau ya zauna yana jiran nasa baƙin cikin ya zo, bai zo ba, sai ya tashi ya ba jaki ruwa. Maigari kuma, don ya nuna shi mai tausayi ne, ya ba shi aikin kai geron yaron Gumel duk lokacin da na baya ya ƙare.

Makarantar ɗakunan ƙasa biyu ce da malamai biyu, babbansu Malam Hussaini, mutum mai haƙurin da ya kusa ƙarewa. Yaran ba su cika ɗakunan ba. Fiye da rabinsu irin Ilu ne, 'ya'yan barori da aka yafa musu sunayen 'ya'yan iyayen gidansu. Malam ya sani, hakimi ya sani, mai share tsakar gida ma ta sani. Bature mai duba makarantu ne kaɗai bai sani ba, shi ma Allah ya san gaskiyar rashin saninsa. Da ruwa ya sauka sai yara su tsere gona, dogari ya bi su ya tattaro waɗanda ya samu. Rufi yana yoyo, Baitulmali ta ce sai baɗi. In an ji Bature na tafe sai a ari yaran gari a saka musu riguna a cika ɗaki, ya wuce a tuɓe musu. Karatu dai ana yi, wasu sun shekara suna rera baƙaƙe kamar waƙar daka, in ka nuna musu guda ɗaya ka ce mene ne wannan sai su kalli sama.

A nan ne Barau ya gano wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba. Sabo ba sunan ɗansa ba ne, saboda haka babu kunya a kansa. Ranar da ya fara kai gero ya tsaya a tsakar gidan makaranta ya ɗaga murya ya ce, “Sabo!” Yaron ya fito da gudu. Barau ya dube shi sosai, sama da ƙasa, irin duban da bai taɓa yi masa ba tun da aka haife shi.

“Ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Me ya sami ƙafarka?”

“Ƙaya ce.”

Ya durƙusa ya kama ƙafar, ya cire ƙayar da tsinke a gaban kowa. Ba wanda ya ga abin magana, bara ne yake kula da ɗan ubangidansa. Wannan ne daɗi ɗaya da Barau ya san ya ji a shekarun nan, ya kuma san na aro ne. Shi kuwa yaron ba ya kiransa da komai. Kiransa Baba ba zai yiwu ba saboda kunnuwan mutane, kiransa Barau kuma bakinsa ba zai iya ba. Sai dai ya matso kusa ya fara magana.

Duk zuwa, bayan ya sauke gero, Barau sai ya je ya gai da babban malami ya tambaya, “Allah ya gafarta Malam, ɗan maigarin namu yana ganewa kuwa?”

“Ganewa?” in ji Malam Hussaini. “Ai shi kaɗai nake da shi. Sauran nan duk gero suke ci.”

“Madalla,” in ji Barau. In ya koma gida sai ya ce wa Safara'u, “Sun ce yana ganewa.” Ita kuma sai ta ci gaba da daka.

Sau ɗaya ya yi niyyar ce wa yaron ya riƙa yin kamar bai gane ba, ko a koro shi. Tun daga Ɗanzomo yake juya maganar a baki. Da ya iso ya tarar da shi a ƙarƙashin bishiyar bedi yana zana lissafi a ƙasa da yatsa, fuskarsa a sake, yana koya wa wani da ya girme shi. Barau ya tsaya. Bara ba ya gaya wa ɗan maigari yadda zai yi, uba kuma ba ya zama ya yi shawara da ɗan fari. Ya duba ta ko'ina bai ga bakin da zai faɗi maganar da shi ba. Ya sauke gero ya juya.

A shekara ta huɗu Bature ya gaji. Ya ce in makarantar ba ta fitar da ko yaro ɗaya da ya isa a kai babbar makarantar Kano ba, Baitulmali za ta janye hannunta, a rufe ɗakunan. Nan fa kowa ya tuna da Ilu. Abincin malamai, mutuncin hakimi, farin jinin maigari, duk suka rataya a wuyan ɗan Barau. Aka gwada yaran, ya ci, shi kaɗai.

Akwai doka, ba a kai yaro Kano sai ubansa ya yarda a gaban shaidu. Aka aika wa maigari, ya zo cikin babbar riga, Barau yana biye riƙe da jaki. Aka taru a tsakar gidan makaranta. Tafinta ya ɗaga murya ya ce, “Ina uban yaron?”

Barau yana nan kusa, in ya yi tari ma za a ji. Yaron ya juyo ya dube shi, duba ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai. Barau ya lalubi cikinsa ko zai sami fushi ko tsoro, wani abu dai da zai tura ƙafarsa gaba. Bai sami komai ba sai ɗanɗanon kunun nan na gindin rumbu.

“Ga ni,” in ji maigari. “Na yarda.”

Bature ya yaba masa ƙwarai. Ya ce a gaya masa yana cikin 'yan kaɗan da suka ba da ɗan cikinsu, alhali wasu ɓoye nasu suke yi. Maigari ya karɓi yabon ko tuntuɓe bai yi ba.

Da safe aka haɗa yaron da ayarin raƙuman da ke kai gyaɗa Kano. Masinjan Bature yana tsaye, wakilin hakimi yana tsaye. Yaron ya durƙusa gaban maigari ya ce, “Baba, na tafi.” Maigari ya sa masa albarka, sannan don a ga kirkinsa ya ce, “Ba ka sallami Barau ba, shi da ya sha ɗawainiyar geronka?”

Yaron ya juyo. Duk idanu suna kansa. Ya ce, “Barau, na gode. Ka gai da Safara'u.”

“Za ta ji,” in ji Barau. “Allah ya kiyaye hanya, Sabo.”

Maigari ya tsaya fada gaisuwa, Barau ya kamo hanya shi kaɗai. Da ya yi nisa, inda babu kowa sai kalgo da sabara, ya tsaya ya buɗe baki don ya kira ainihin sunan sau ɗaya, tun da ba mai ji. Bai fito ba. Harshen bai san hanyarsa ba. Ya kaɗa jaki suka ci gaba.

Ya tarar da Safara'u a bakin ƙofa. Tun daga ganin jakin ba kaya ba yaro ta gane, ba ta tambayi wannan ba.

“Maigida, yaron ya ce wani abu?”

Barau ya sunkuya yana ɗaure jaki a turke. “Ya ce a gai da Inna.”

Ilu ya zama akawu a Kano, aka san shi da ɗan maigari har ya yi furfura. Barau ya koma noman gandu, ya ga zuwan jirgin ƙasa Gagarawa, bai taɓa shiga ba. Safara'u kuwa har ta bar duniya, duk macen da ta shigo aron turmi sai ta ba ta labarin ranar da aka tafi da ɗanta, yadda a gaban Bature da manyan gari bai ji tsoron kowa ba ya ce a gai da Innarsa. Barau yana zaune a gefe yana tufka igiya, yana ji, bai taɓa ɗaga kai ba.