Baturen Sedgefield da Kasuwar Laraba

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Greensboro, sai aka tura ni wani gida a Sedgefield wurin wani tsohon Bature da zan kira Mista Walta. Ciwon mantuwa ya riga ya gama da shi, ko 'yar cikinsa ba ya ganewa. Aikina in yi masa wanka, in ba shi abinci da magani, in tura kekensa bakin taga ya yi ta kallon masu buga golf har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Turancin ma ya kusa ƙare masa, sai dai ya riƙa kiran sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa.

Ni ɗan Nijar ne, garinmu a bakin iyaka yake, irin garuruwan nan da rabin dangi ke tsallake. Ƙanwata Rabi can take aure, a wani gari da kasuwarsa ke ci ran Laraba, tana sai da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar. Yayanmu Isufu kuwa jandarma ne a ɓangarenmu. A lokacin gwamnatocin biyu sun ɓata, an rufe iyaka, kowace na zargin ɗayar da ɗaure wa 'yan ta'addan dajin nan gindi.

Wata Litinin da rana tsaka, ina goge masa baki bayan ya ci abinci, sai mutumin nan da ko cokali ba ya iya riƙewa ya damƙe wuyan hannuna, ya dube ni cikin ido, ya ce da Hausa, Hausar ma irin ta tsofaffin garinmu:

"A gaya wa na tsallake, kada a ci kasuwa ran Laraba."

Sannan ya faɗi sunan garin su Rabi, ya sake ni, ya koma kallon taga kamar ba shi ba. Wallahi sai na zauna dirshan a ƙasa. Na yi ta lalube a raina ko na taɓa ambatar garin a gidan, amma ko waya an hana mu amsawa a bakin aiki, balle hira.

Ina tashi daga aiki na kira Rabi, ban samu ba, dama tun da aka ƙona ƙarfen rezo, wato na sabis ɗin waya, na yankinsu sai wanda ya fito gari ake ji. Sai na kira Yaya Isufu, ina jin kunyar abin da zan faɗa, na ce masa kawai na ji wata magana game da kasuwar Laraba. Sai ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Ashe sun sani. Ya rage murya ya ce sun tsinci maganar mutanen daji, sun kai rahoto sama, daga saman aka ce ba a yarda ko kalma ɗaya ta ƙetara iyaka ba, wai idan aka ba waɗancan labari za su gane yadda ake sauraron daji, su kuma ba abin amincewa ba ne. Ya ce a da akwai takwaransa na tsallake, tare suke shan shayi a shingen bincike, wanda ya ji wani abu ya tsegunta wa ɗan uwansa, amma yanzu duk wanda aka ga lambar can a wayarsa sunansa maci amana.

Na ce, "Yaya, Rabi fa?"

Ya ce, "Ni ma ƙanwata ce. Zan tura mai babur ta daji."

Ban tsaya nan ba. Akwai Alhaji Sabo da muke salla tare, dillalin motoci ne a McLeansville, ɗan waccan ƙasar, yana da ɗan uwa a jami'an tsaronsu. Na same shi a filin motocinsa, mutumin kirki, a gabana ya buga waya. Ɗan uwan ya saurara tsaf, ya tambaya daga ina labarin ya fito. To me zan ce? Tsohon Bature mai ciwon mantuwa? Sai na ce daga wani jandarma ne. Yana jin haka ya ce shi ke nan, labarin da ya fito daga hannun Nijar manyansa ba za su taɓa shi ba, za su ce dabara ce don a janye sojoji daga wata hanya. Alhaji ya roƙe shi ko mai gari a aika wa, ya ce zai duba. Mai babur ɗin Yaya kuma sojojin tsallake suka tare shi, suka ƙwace babur, suka koro shi a ƙasa.

Ran Laraba da safe na tafi aiki ba don ina so ba, ina lissafin can rana ta take, kasuwa ta cika. Ina cikin saka wa Mista Walta maɓallin riga sai ya ɗora tafinsa a kaina, a hankali, yadda dattijai ke yi, ya ce:

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ita da goyon."

Sai bayan la'asar wayar Yaya ta shigo. Mutanen daji sun shigo kasuwar kan babura, sun buɗe wuta, sun cinna wa rumfuna. An sami Rabi a bayan tulunan manta, da yarinyarta a baya.

Da na dawo daga hutun makoki na tambayi 'yar tsohon ko babanta ya taɓa zama a Afirka, ko ya yi wa gwamnati wani aiki na ɓoye. Ta yi dariya ta ce kujeru da gadaje ya sayar duk rayuwarsa, ko fasfo bai taɓa yi ba. Na yi ta ajiye waya kusa da shi ko zan naɗi muryar, ban taɓa samun komai ba sai numfashi. Malamai biyu na kai wa maganar, ɗaya ya ce aljani ne musulmi, ɗaya ya ce in yawaita istigfari in bar bincike.

Sau ɗaya ya ƙara magana, ana gab da kwantar da shi asibitin da bai fito ba. Ranar na manta wayar a mota. Sunan garinmu ya faɗa, garin da tsohuwarmu take, ya ce, "Saura ku." Bai faɗi rana ba.

Nan take na kira Yaya Isufu. Ya ce su ba su ji komai ba, amma dajin da ke bayan garinmu na tsallake ne ke sauraronsa. Ya ce, "In akwai wani abu, su sun sani. Kuma ba za su gaya mana ba."

Tsohuwa ta ƙi tashi, ta ce a nan kabarin mijinta yake. Har yau ba abin da ya faru, kuma har yau in waya ta yi ƙara sai na karanta abin da ya sawwaƙa kafin in ɗauka. Ku da kuke da dangi a bakin iyaka, ku kira su yau in layi ya shiga, ku nemi gafarar juna, kada ku dogara cewa wanda ya san abin da ke tafe zai faɗa.