Layin da Kawu Ya Auna da Makara

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, wanda unguwarmu ta sani da Mamman Mai Igiya. Na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin ni mutum ne mai gudun ɓata wa wani rai, kuma wasu da zancen zai shafa sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Amma ina jin shirun nawa ya isa haka.

Lokacin da Kawu ya baro Karakkai ya zauna a bakin Gusau ta hanyar Bungudu, wurin duk gonakin gero ne da dawa. Da gari ya matso, masu gonaki suka shiga yanka su filaye, irin abin da ake kira awon igiya: babu taswirar hukuma, sai igiya da turaku da shaidu. Kawu ne mai riƙe igiyar. Bai yi boko ba, amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa. Kafin ya kafa turken farko, sai ya sa a aro makarar masallaci. Mutum huɗu su saɓa ta a kafaɗa babu kowa a ciki, wasu biyu na tafe a gefe kamar masu jiran karɓa, su bi inda layi zai kasance. In sun sha kwana ba tare da sun karkata makarar ba, layi ya yi. In sun kasa, a ja igiya baya, ko fili nawa mai gona zai rasa.

Masu gona ba su so haka ba. Na ji wani ya ce masa, "Malam Mamman, mutane na neman wurin zama, kai kana yi musu fatan mutuwa." Kawu ya ce, "Ba fata ba ne, Alhaji. Duk wanda ka saida wa fili nan, ta layin ga za a fitar da shi."

Ni ma ban mara masa baya ba, dole in faɗi gaskiya. Na dawo daga jami'a da takardar tsara birane da tef ɗin awo a aljihu, na ce masa akwai faɗin da littafi ya ƙayyade. Ya dube ni ya ce, "Littafin naka ya taɓa ɗaukar gawa?" Daga nan na daina bin sa wurin awo, don kunya nake ji abokaina su gan ni a bayan makarar da babu kowa a ciki. Ranar da muka ɗauki gawarsa, muka sha kwana uku har maƙabarta, ba a karkata shi ko sau ɗaya ba.

Da zai dawo yau, ina zaton abubuwa da yawa za su burge shi. Akwai rijiyar burtsatse, akwai sola a kan rufi, akwai makarantu. Iyalai da suka baro ƙauyukan wajen Tsafe don neman kwanciyar hankali sun samu matsuguni a cikinmu, kuma wannan zai fi komai faranta masa rai. Sai dai layukansa sun tsuke. Wannan ya fito da dakali, wancan rumfa, wani ya haƙa ramin sokawe na ruwan bayan gida a waje. Kowa taku ɗaya ya ci. Layi ɗaya ya rage da faɗinsa, wanda ya nufi maƙabarta.

A bana wani Alhaji da ya sayi gidan kan kwanar layin, ba zan kama sunansa ba, ya fito da harsashin shaguna cikin hanya. Kwamitin unguwa suka ba ni takarda, tunda ni ne mai ilimin abin, in sa hannu cewa faɗin da ya rage ya wadatar. Shugabansu ya ce, "Ai yanzu da mota ake kai gawa, a zagaya ta titi." Wataƙila haka ne ga mai mota. Amma da damina titin nan ruwan kwari kan shanye shi, kuma yawancinmu har gobe a kafaɗa muke kai namu.

Mako biyu takardar na wurina. Na auna da tef sau uku, ina neman lissafin da zai raba ni da rigima, ban samu ba. Ranar Asabar bayan la'asar na roƙi Liman aron makara. Maƙwabta uku suka kama mini, ciki har da Malam Garba, mutumin 'Yankuzo, wanda bara ta layin nan aka fitar da mai ɗakinsa. Da muka iso kwanar, gaban makarar ya doki bulo. Babu yadda za ta juya sai an kwantar da ita a gefe. Muka tsaya cak, mutane suka taru.

Alhaji ya fito da sauri. "Wa ya rasu?"

Malam Garba ya ce, "Ba kowa tukuna, Alhaji."

Ya juyo gare ni. "Kai da ka yi karatu, mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Awo ne, Alhaji."

Washegari na mayar wa kwamiti takardarsu babu hannuna. Ban sani ba ko na yi abin ta hanyar da ta fi dacewa, kuma Alhaji ya daina amsa gaisuwata, abin na damuna. Ba a rushe harsashin ba, amma ba a ƙara masa bulo ba. In aka ƙara, za mu sake ɗauko makarar, kuma ba zan sa hannu ba ko sau nawa aka kawo takardar.

Kawu bai bar gidan bene ba, babu layin da aka sa wa sunansa. Abin da ya bari shi ne wurin da mutum shida za su wuce da ɗan'uwansu ba tare da sun kifar da shi ba. Allah ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata mana hanya.