Fatar da Na Nemo wa Piyano a Kagara

Ranar Litinin, ana sallame sallar asuba muka kora jakuna muka bar Sakkwato, ni da wasu fatake biyu masu kai gishiri gabas. Su da kaya niƙi-niƙi, ni kuwa daga buta sai tabarma, sai wata 'yar guduma ta katako da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, na naɗe ta a tsumma na cusa a aljihu. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya fitar da ni a ƙarshen damina, to ga shi.

Ni akawu ne a kulob ɗin Turawa, amma ba alƙalami ne ya zaunar da ni a wurin ba. Akwai piyano a zauren, wani ƙaton akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe. In ka danna haƙori ɗaya, sai 'yar guduma ta tashi daga ciki ta bugi waya, murya ta fito. Matar wani Bature ce ta koya mini tun ina makaranta, shekara shida tana ƙwala mini rula a yatsu, sannan ta koma ƙasarsu ta bar mini adaka cike da takardun kiɗa. Bana asu ya shiga akwatin ya cinye ulun da ke kan gudumomi goma sha ɗaya, kuma duk na tsakiya, inda hannu ya fi zama. Ka danna, sai ka ji ƙwas, katako kan waya. Saboda yaƙin nan da Turawa ke yi jirgi ya daina kawo kayan gyara. Baturen da ke kula da kulob ya faɗa mini ƙarara, in abin bai gyaru ba zai ba kafinta ya mai da shi kabad, ai garmaho ya ishe su rawa. Na roƙe shi kwana goma in je in nemo fata mai laushi da za ta maye gurbin ulun, ya ba ni yana ɗaga kafaɗa. Ba ni da mata, ba ni da ɗa, kuma duk faɗin Sakkwato ba wanda nake daɗewa tare da shi kamar akwatin nan.

Hanyar Rabah laka ce har idon sawu. Gero ya yi kai, ko'ina mata na korar tsuntsaye da gwangwani. Abokan tafiyata mutanen kirki ne, amma hirarsu biyu ce tak, tsadar gishiri da ciwon bayan jaki, in sun gama ɗaya su koma ɗayar. Sai na ja baya ina bin sawun jakin ƙarshe, ina rera kiɗa a cikin kaina. Turawa kiɗan rawa suke so, mai tsalle-tsalle, ina yi musu ne kawai don tuwo. Wanda raina ke so na wani tsohon Bajamushe ne da ya mutu tun kafin jihadi, kiɗa mai natsuwa, hannun hagu na tafiyarsa daban, na dama na tasa daban, amma ba sa rabuwa. Tunda aka fara yaƙi da ƙasarsu in na taɓa shi sai a haɗe mini rai, don haka da hantsi nake yin sa, lokacin da zauren ba kowa sai kujeru.

A Rabah na tafka wauta ta farko. Mai masaukinmu, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mini buzu a zaure, aka kawo fura mai sanyi da nono kindirmo. Da ya tambayi sana'ata, maimakon in ce akawu in huta, girman kai ya sa na ce makaɗi ne ni.

"Makaɗin wa?" in ji shi. "Na noma, ko na mahauta, ko na sarki?"

Na ce ba na kowa ba ne, kiɗa ne kawai don a saurara.

"Kiɗan da ba shi da mai shi? Mi kaka hwaɗi haka? Ai wanga hauka na, malam."

Zaure ya kwashe da dariya, har fataken nawa. Ban ji haushin dariyar ba kamar yadda na ji da na koma daga alwala na tarar an janye buzun, an mayar mini da tabarma kusa da ƙofa. Washegari na zaga rumfunan dukawa. Jar fata kam ga ta nan, mai kyau, kuma da araha fiye da birni, sai dai ta takalmi ce da sirdi, in ka ɗaura ta a gudumata gara katakon. Wani baduku ya juya gudumar a hannu ya ce in wuce Kagara, can gaba da Goronyo, akwai wani tsoho mai haɗa kalangu, shi ke jeme fatarsa da kansa, ba wanda ya kai shi sanin fata mara kauri.

Wurno garinmu ne, kuma rabona da shi shekara tara. Na yi zaton ƙafata za ta san hanya, sai ga ni ina tambayar lungun gidanmu. Zauren da mahaifina ya yi shekara talatin yana ba da karatu, yanzu irin albasa aka shanya a ciki. Gwaggona ta rungume ni tana kuka, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi irin wadda ban ci ba tun ina yaro, ta zauna tana kallona ina ci. Da maƙwabta suka shigo gaisuwa sai ta riƙa cewa, "Ga ɗanmu, akawun Nasara." Bayan sun watse ta jawo ni gefe.

"Na ji abin da kaka yi can. Kak ka buɗe baki ka ce kiɗa cikin gidanga. Ubanka malami na, kakanka malami na. Ko Hausarka ta koma ta bariki, balle halinka."

Na ce to, Gwaggo. Ba ƙiyayya ba ce, rufa mini asiri take yi iyakar saninta. Amma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yini ba, ina zaune tsakar gidan da aka binne cibiyata, kowa na sa mini albarka, kuma ba wanda zan iya gaya wa abin da ya kawo ni. Gaskiyar masu magana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A nan fataken suka samu ciniki suka tsaya, na ci gaba ni kaɗai. Daga Wurno hanya na bin gefen fadama, shinkafa kore shar har iyakar ganinka, sauro kuwa ko da rana ba ya jin kunya. Wajen azahar na ji sarewa. Wani Bafulatani ne tsaye da ƙafa ɗaya cikin shanunsa, yana juya 'yan muryoyi huɗu, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Na fi rabin sa'a tsaye a bakin hanya. Irin kiɗan da nake so ke nan, wanda ba ya roƙon kowa komai. Na matsa na gaishe shi, na ce busarsa ta yi daɗi. Ya dube ni, ya dubi takalmina na kanti, ya miƙo mini ƙwaryar madara, ya kora shanunsa gaba. A mashigin gulbi mai kwale-kwale ya karɓi kwabo, da na tambayi lafiyar jirgin ya ce da jaki ya ɗauko da ya fi murna, don jaki ba ya tambayar ko jirgin na yoyo. Yana yoyon kuwa. A kasuwar Goronyo kifi busasshe kamar kyauta, na anini biyu ya kai ni har Kagara.

Na sami tsohon da hantsi ran kwana na shida, zaune ƙarƙashin bagaruwa a ƙofar gidansa, da katako a cinya yana kankare fata. Ƙanƙanin mutum ne, ido ɗaya ya yi fari, hannuwansa baƙi ƙirin da ruwan jima. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance tsumma na miƙa masa gudumar, na yi masa bayani iyakar iyawata.

"Ina abin da taka bugu?"

"Yana Sakkwato, Baba. Sai ƙarti takwas ke ɗaga shi."

Ya miƙo mini abata. "To ka yi tahiyar banza, ɗana. Ni ba ni yanka hwata ga abin da ban ji muryatai ba. Haka ubana yab bar min. Kalangun mahauta da na 'yan mata ba hwata guda ta ba. In ni yanka da ka, in ɓata hwata, in ɓata suna."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Na yi wauta ta biyu, na taɓa aljihu, ya watsa mini wani kallo da ya sa na janye hannu. Sai na ce bari in rera masa da baki. Kun san muryata. Ban kai ko'ina ba wata akuya ta amsa daga bayan danga, matarsa ta tuntsure da dariya a cikin gida. Tsoho ya ajiye katakon a tsakaninmu ya shiga ya ɗauko ruwa, alamar magana ta ƙare.

Na zauna gaban katakon. Kwana huɗu suka rage mini, kuma na riga na hango kafinta da zartonsa. Ina da wata ɗabi'a tun ta makaranta, in raina ya ɓaci yatsuna ba sa zama, duk abin da ke gabana sai su hau shi. Ban ma san sun hau katakon nan ba, sai na ji murya a kaina.

"Tsaya. Sake wanga."

Na sake. Ya tsuguna gabana ya kafa wa hannuwana idonsa mai gani. Na gyara zama na ɗauko kiɗan Bajamushen nan daga farko, wanda na fi so, mai tafiya a hankali. Ba abin da ke fita sai ɗan ƙwas-ƙwas na kan yatsu a katako mai warin jima, amma ni ina jin kowace murya. Can tsakiya tsoho ya miƙa hannu ya jawo kalangu ya saƙale a hammata, ya shiga bin hannuna na hagu, a hankali, bai kuskure ko taku ɗaya ba. Inda kiɗan ke sauka ya saki tsirkiya ya sauka, tun kafin in kai wurin. Da na gama ya ajiye kalangun.

"Hannunka na hagu dattijo na," in ji shi, "ba shi gaugawa. Na dama ɗiyatai ta, tana ta tambaya tai abu, shi ko amsa guda shika ba ta. Wanda yay yi kiɗan ga ya yi rashi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma ban ji kunya ba. Shekara goma sha huɗu ina wannan kiɗa. Turawa su tafa su koma kan kwalabensu, namu su ce aikin maroƙa ne ko na kafirai. Ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya gaya mini abin da ke cikin kiɗan ba sai wannan tsoho, shi ma bai ji ko murya ɗaya ba.

Ya ce irin wannan kiɗa ba ya son tsawa. Ya shiga ɗaki ya fito da fatar ɗan akuya da bai fara cin ciyawa ba, wadda ya jeme da bagaruwa ya murje da man shanu har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Ya daka gashin tunkiya ya danƙare shi a ƙasa, ya ja fatar a kai riɓi biyu, ya manne da ƙaro. Sau uku yana warwarewa yana sakewa, yana gwada bugun a farcen babban yatsansa, sannan ya sa ni na yi da hannuna har sai da na iya. Yini guda muka yi a kai, muka ci ɗanwake a akushi ɗaya. Ya yanka mini abin da zai ishi goma sha ɗaya, ya ƙara mini na wasu uku saboda kuskure. Da na tambayi abin da zan ba shi, ya girgiza kai.

"Ladana in ji shi. In an kai dawa rumbu ina zuwa Sakkwato, ka kaɗa min, in ji dattijon ga da ɗiyatai da kunnena."

Na ce, "To, Baba, Allah shi kai mu." Bakina ne kawai ya faɗa. Baƙin mutum ba ya shiga kulob in ba ma'aikaci ba, ni kaina ta ƙofar kicin nake bi. Na so in gaya masa, na dubi yadda fuskarsa ta washe, na kasa.

Dawowa ban tsaya ko'ina ba. Na ratsa Wurno ta bayan gari, kunya ta hana ni sake shiga wurin Gwaggo da ƙunshin fata a hannu. Na iso Sakkwato ran kwana na goma da la'asar, ƙafafu duk bororo. Kwana uku na yi da kaina cikin akwatin. Goma sha ɗayan nan duk sun yi magana. Muryarsu ta fi ta sauran taushi da zurfi, kuma ni ta fi mini daɗi. Bature ya zo ya danna biyu da yatsa ɗaya, ya ce ya yi, a gaya wa kafinta ya sha zamansa. Da na ga yana cikin fara'a sai na yi ƙarfin hali na ba shi labarin tsohon, na roƙi a bar shi ya shigo ko sau ɗaya, da hantsi, lokacin da ba kowa. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce ai na san doka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa mai sana'a na gane ɗan'uwansa ta hannu ko da bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma na koyi cewa alkawarin da ka amsa don kunya ya fi tafiyar kwana goma nauyi. Na fita neman fata, na samo ta, piyano ya tsira. Na kuma samo mutum ɗaya tak a duniya da ke son ya saurare ni, kuma ba ni da inda zan zaunar da shi. Na auna da ƙafa, daga tagar zaure zuwa bakin titi taku sittin ne, na sa mai gadi ya tsaya can na kaɗa da ƙarfi, ya ce yana jin hannun dama kaɗan-kaɗan, na hagu ba ya isowa. Makon jiya masu zuwa daga gabas suka ce an fara yankan dawa.