Za Su Zo Su Ɗauke Usman

Shekara uku ke nan da muka binne ɗana Usman a tsakar gidanmu, a Umbadda, gefen Khartum, ana tsakiyar yaƙi. Ya fita neman ruwa harsashi ya same shi, hanyar maƙabarta kuwa ba ta biyuwa a ranar. Maƙwabta suka haƙa masa a gindin katanga. Yanzu hukuma ta aiko, za a tono waɗanda aka binne a gidaje a kai su maƙabarta. Amsata suke jira.

Usman mai sa gilashi ne. Kafin yaƙi ya sami aiki a sabon babban birnin da Masar ke ginawa cikin hamada. Da na je Alƙahira ganin likitan ido, ya nace sai ya kai ni na ga sabon birnin. Na ga benen da sai da mayafina ya zame kafin na hango ƙarshensa. Tituna kamar da zare aka ja su, ba mai shayi a bakin hanya, ba ko akuya. Na ce, "Usman, ina mutanen?" Ya yi dariya. "Yumma," haka yake kirana, "nan gari ake fara yi, mutane su biyo baya. Ba irin Umbaddarku ba, da kowa ya kafa ɗaki inda jakinsa ya gaji."

Da ya dawo gida yakan ce wata rana Khartum ma haka za ta zama. Watan jiya na shiga Khartum. Benayen da ya sa wa gilashi kafin ya tafi Masar suna tsaye baƙi ƙirin, tagogi a wangale, tituna tsit. Me zai ce da ya gani? Ina jin auna tagogin zai fara yi. Haka yake.

An ce sabuwar maƙabartar layi-layi ce, kowa da lambarsa. Shi da zai so. Ni ce ba na so, don a gefensa nake shan gahawar safe. Masu hukuma suna maganar lafiyar jama'a, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai akwai Nafisa, 'yarsa, abin da ya rage mini nasa: goshinsa, da yadda take jera takalma daidai wa daida. Shekararta biyar, ban taɓa ganin ta yi gudu a gidan nan ba. Sanɗa take yi. In yara suka shigo da hayaniya sai ta ce, "Ku yi a hankali, Baba na nan."

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Gobe zan aika su zo. Yarinyar nan tana buƙatar tsakar gida.