Butar Ustad Mirbaz

Kullum da hantsi Ustad Mirbaz yakan ɗaga ƙofar garejinsa da ke ƙarshen kasuwar Buni, wani gari can cikin duwatsun yankin Chitral masu ƙanƙara, ya ɗora buta a wuta, ya sha shayinsa mai gishiri a tsaye, sannan ya ɗauki sifana. Shekara talatin da huɗu ke nan. A can gwanin sana'a ake ce wa Ustad. Aikinsa haɗa jif: shasi, wato ƙashin motar, daga wajen gwanjo, inji daga Peshawar, bodi kuwa shi ke bugawa da hannunsa. Ana yabon injinsa, ana yabon fentinsa. Amma abin da ya fi cancanci yabo abu biyu ne da direbobi ke rainawa, shi kuma ba ya sakin mota sai da su: waifa mai share gilashi da hita mai busa iska mai ɗumi.

Ku tambayi direba Dinar Shah. Shekara uku da suka wuce, gab da shigowar sanyi, aka gama haɗa masa jif, ta tashi tana ruri. Mahaifinsa na kwance a ƙauyensu can saman dutse, ciwon ƙirji ya kama shi, ana so a sauko da shi asibiti kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Dinar Shah ya miƙa hannu zai karɓi makulli. Ustad ya jefa shi a aljihu.

"Ustad, mota ta gama. Waifa da hita ne kawai. Ina da hula, zan riƙa goge gilashin."

"Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya. Da me za ka goge, da gemu?"

"Tsoho na jira."

"Shi ya sa. Gobe da hantsi."

Dinar Shah ya zauna a kan taya yana huci, yana kallo. Ustad ya huda ƙarfen ƙarƙashin gilashi, ya ɗaura ɗan injin waifar, ya saita ta, ya cire, ya sake saitawa har sau uku, sai da robar ta riƙa sharewa har kusurwar ƙasa ta gefen direba, inda ake hango bakin hanya. Sannan ya jawo tiyo biyu daga inji, ruwan zafi ya riƙa ratsa wani ɗan akwati mai fanka, ya juya bakin iskar gaba ɗaya sama, wajen gilashi.

"Ƙafafuna fa? Kowa hitarsa ƙafa take busawa."

"Ƙafarka ce ke kallon hanya? Sayi safa."

Washegari aka yi gwajin da duk Buni ta sani. Ya sauke butarsa tana tafasa, ya ajiye ta cikin motar, ya tura Dinar Shah ciki ya rufe ƙofofi. Tururi ya rufe gilashi fari fat. Numfashin fasinja goma ke nan, in ji shi. Ya ce a kunna hita da waifa, ya sheƙa wa gilashin bokitin ruwan laka daga waje, ya ja baya taku ashirin ya ɗaga yatsu.

"Nawa?"

"Uku."

"Je ka ɗauko tsohonka."

A hanyar dawowa mutum tara ne cikin motar, tsohon a nannaɗe da bargo, ruwa da ƙanƙara na zuba tare. A wata kwana, rabin hanya ya zabtare ya faɗa kogi. Ta wannan kusurwar ƙasa ta gilashin Dinar Shah ya gani, ya taka birki. Waɗanda suka sauka suka auna, taku biyu ne tsakanin taya da rami. Suka cike wajen da duwatsu, aka wuce. Tsohon yana nan da ransa, har yanzu yana yi wa ɗansa faɗa.

Da Dinar Shah ya dawo gareji bai iya godiya ba. Cewa ya yi, "Ustad, yatsun ƙafata sun mutu."

"Da su ka taka birki?"

"Da su."

"To, suna nan da rai."

Ustad Mirbaz, mai buta, kai ne ka yarda a tafi ana jin haushinka, in dai za a dawo. Ba ka taɓa hawa dutsen nan da fasinja ba, amma duk wanda ya sauko lafiya da idonka ya sauko. Mun gode, Allah ya saka. Masu haɗa mota na bayansa kuma, inji kowa na iya ɗaurawa. Ku nemi buta.

Wannan watan zai rufe garejin. Yanar ido ta rufe masa gani. Ranar Litinin Dinar Shah ya kai shi wajen likita a Chitral, likitan ya ɗaga yatsu, Ustad bai iya ƙirgawa ba. An sa ranar yi masa aikin ido. Suna dawowa aka fara yayyafi, Dinar Shah ya kunna waifa. Ustad ya karkata kunne, ya ɗora tafin hannu a bakin hitar.

"Waifar hagu tana jan ƙafa," ya ce. "Tsaya a gareji."